Yadda zaka gane ko kungiyar hokin kankara da ta zube tana da rabon shiga zagayen kofi

Yayana ne ya jefa ni cikin wannan wahalar tun da ya koma Kolombus a jihar Ohio. Da farko riga ya aiko min ta Blue Jackets mai kauri kamar bargo, a zafin Kumasi wa zai sa wannan in ba da asubar hunturu ba, daga nan ya shiga turo min guntayen bidiyo a WhatsApp, kafin in ankara na fara tashi tsakar dare ina kallon mutane suna sulu a kan kankara suna bugun juna da kafada. Yanzu mu hudu ne a inda muke shan ataya a Aboabo da muke bin abin, sauran suna mana dariya wai mun bar Kotoko, kungiyar kwallon kafar garinmu, mun koma bin wasan da ko filinsa bamu taba takawa ba. Kuma dan Allah kar wani ya hada shi da hokin da ake bugawa a filin Theodosia Okoh na Accra, wancan daban, wannan na kan kankara ne, gasar NHL ta Amurka da Kanada.

Tambayar da kullum take dawowa ita ce, kungiyar da take kasan tebur, ana lallasa ta yau ana lallasa ta gobe, zata iya tashi har ta shiga zagayen kofi, wanda suke kira fileyof? Zata iya, an sha gani. Amma ba kowacce ba, kuma akwai yadda ake ganewa tun kafin ka bata baccinka da datarka a banza.

Ka fara da lissafi, ka ajiye son zuciya a gefe. Kungiyoyi 32 ne, 16 ke wucewa, takwas daga gabas takwas daga yamma. Kowane bangare yana da rukuni biyu, uku na saman kowane rukuni su wuce kai tsaye, sai a kara biyu da suka fi maki cikin wadanda suka rage. A kakar 2024-25 kowa wasa 82 ya buga. In ka ci maki biyu, in aka ci ka cikin minti 60 na ainihin wasa baka da komai, amma in kuka yi kunnen doki aka shiga karin lokaci ko bugun daga kai sai gola sannan aka ci ka, zaka tafi da maki daya. Kujerar karshe yawanci tana tsayawa ne tsakanin maki casa'in da wani abu zuwa kusan dari, ni 95 nake sawa a raina don in huta. To sai ka dauki biro. A ce kungiyarka ta buga wasa 30 tana da maki 26, saura maki 69 cikin wasa 52, wato daga yau sai ta rika tafiya irin ta kungiyar da zata kare shekara da maki 109, irin tafiyar manyan gasar kenan. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, yaran nan da kake kallo zasu iya haka wata hudu a jere?

Kuma wannan maki dayan na wanda aka ci a karin lokaci shi ne mugun abu ga mai bin baya. Kana zaune kana addu'a biyu da suke gabanka su hadu daya ya fadi, sai su kai karin lokaci, wannan ya dau biyu wancan ya dau daya, kai da kake kasa an kara maka nisa ta ko'ina. Shi ya sa tazarar maki shida a hoki ta fi yadda take a ido. Masu bin wasan can suna da al'adar duba tebur a karshen Nuwamba lokacin bikin godiyarsu na Amurka, don mafi yawan wadanda suke cikin 16 a lokacin su ne dai ke karewa a ciki. Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Amma tebur kadai baya gaya maka ciwon, kuma anan ne gizo ke sakar. A ganina kungiyar da ta zube dayan uku ce. Akwai mai kyau wadda gola ko rashin sa'a ya kayar, akwai ta yara da basu gama nuna ba, akwai kuma wadda ta tsufa ga tsada. Ta farko tana iya warkewa cikin sati shida, ta biyu sai shekara biyu ko uku, ta ukun kuwa sai an rushe gini an sake tono tushe. Aikinka kawai ka gane wacce ce taka.

Gola zaka fara dubawa. A kwallon kafa gola zai iya wuni ba a gwada shi sau uku ba, a hoki kuwa kusan sau talatin ake harbo masa a wasa daya, don haka dan bambanci kadan sai ya zama dutse. Akwai lamba da ake rubutawa gaban sunan kowane gola, kason harbin da ya tare, zaka ga kamar .900 ko .915. Wanda bai sani ba zai ce ai duk daya ne. Ba daya bane wallahi. In ana harbo 30 a wasa, bambancin .900 da .915 ya kusa rabin kwallo a kowane wasa, cikin wasa 82 kwallo talatin da bakwai kenan ko kusa da haka, a gasar da wasanni da yawa kwallo daya ke raba su. In ka ga golan kungiyarka yana kasa da .890 amma sauran 'yan wasan suna kokari, to ka dan ji sanyi a ranka, don wannan ciwon yana da magani mai sauri.

Labarin St. Louis Blues kowa ke kawowa anan kuma ya cancanta. A farkon Janairun 2019 su ne na karshe a duk gasar, maki 34 cikin wasa 37. Sun riga sun kori koci Mike Yeo tun Nuwamba sun dora Craig Berube na rikon kwarya, abin bai wani canza nan take ba. Sai suka ba wani gola da ya dade yana yawo a karamar gasa dama, Jordan Binnington, wasansa na farko da ya fara tun daga farko bai bari an ci shi ko daya ba a gidan Philadelphia, daga baya suka ci wasa 11 a jere, suka kare da maki 99, a watan Yuni suka doke Boston a wasa na bakwai, don a zagayen kofi wanda ya fara cin hudu cikin bakwai shi ke wucewa, suka daga kofin Stanley, wato kofin gasar, karo na farko a tarihinsu. Duk mai kungiyar da ta lalace sai ya kawo maka wannan labarin, yayana ma ya sha kawo min. Abin da basa fada shi ne Blues din nan ba kungiyar banza bace tun asali, akwai Ryan O'Reilly, akwai Alex Pietrangelo a baya, akwai Vladimir Tarasenko, mutane ne da tun kafin a fara kaka ake sa ran zasu yi nisa. Mota ce mai lafiyayyen inji da tayarta daya ta fashe. In taka injin ne ya mutu, canza taya ba zai kai ka ko Ejisu ba.

To ya zaka gane lafiyar injin? Ka duba abu biyu. Na daya bambancin kwallayen da suka ci da wadanda aka ci su, yana nan a tebur din manhajar NHL kyauta. Kungiyar da take kasa amma bambancinta bai wuce ragin biyar ko shida ba, yawanci wasannin kwallo daya ne suke subuce mata, wannan yana juyawa. Wadda take da ragin arba'in a watan Janairu kuwa ba sa'a ta rasa ba. Na biyu ka duba wa ya fi harbi a lokacin da kowa yake da mutum biyar biyar a fili ban da gola. In kullum naku sun fi harbi, suna zaune a gidan abokan hamayya amma kwallon taki shiga, ka yi hakuri zata shiga, ba golan da zai tare ta har abada. In kuma kullum ku ake tsarewa a gida ana muku ruwan harbi, ko kuna cin wasa yanzu ramin karya kurarre ne. Na taba murna da wata nasara hudu a jere ina ta cika baki a wajen ataya, ashe gola ne kawai ya dauke su a ka, sati biyu aka dawo gidan jiya.

Akwai kuma lokacin da aka fitar da dan wasa minti biyu saboda laifi, daya bangaren ya zama biyar da hudu. Matsakaiciyar kungiya tana cin kwallo kamar sau daya cikin biyar na irin wannan damar, kuma tana tsira kamar sau hudu cikin biyar in ita aka rage wa mutum. In taku tana can kasa sosai a wannan, albishir ne ta wani fannin, don abu ne na tsari da atisaye, sabon mataimakin koci ma yana iya gyara shi.

Yanzu kashi na biyu, kungiyar yara, kuma nan ne na fi so a tsaya. Mu da muka tashi da kwallon kafa mun saba in ka kare a kasa ka fadi zuwa karamar gasa shikenan. A NHL ba a faduwa, hasali ma na kasa shi ake ba dama mafi girma a kuri'ar da ake yi don zaben sabbin yara 'yan shekara 18 a karshen Yuni, diraf kenan. Sannan akwai iyakar albashi tun 2005, kowace kungiya ba zata wuce wani adadi ba komai kudin mai ita, dala miliyan 39 aka fara da shi, a 2024-25 ya kai miliyan 88, kakar da ta biyo miliyan 95.5. Ma'ana babu wani attajiri da zai zo ya saye taurari goma rana daya. Yaro sabon shiga kuwa kwantiraginsa na farko mai araha ne, yawanci na shekara uku, don haka kungiyar da ta dace da yara biyu uku masu zafi a lokaci daya tana cin moriyar tauraro da kudin dan koyo, ragowar kudin ta cike gibi da shi. Wannan ita ce hanyar da aka fi tashi da ita. Pittsburgh sun bi ta da Fleury da Malkin da Crosby suka ci kofi a 2009, Chicago da Toews da Kane suka ci a 2010.

Colorado Avalanche ne misalin da nake so. A 2016-17 maki 48 kacal suka samu, abin kunya, har kuri'ar diraf din ma bata fado musu ba suka zaba a na hudu. A na hudun nan suka dauki Cale Makar. Basu kori koci Jared Bednar ba duk da shekararsa ta farko kenan kuma ta baci haka, Joe Sakic da ke rike da ragamar kungiyar ya bar shi. Shekarar da ta biyo Nathan MacKinnon ya balle, suka samu maki 95 suka shiga zagayen kofi, a 2022 suka dauki kofin. New Jersey Devils ma daga maki 63 a 2021-22 suka yi tsalle zuwa 112 a kakar da ta biyo, da Jack Hughes da Nico Hischier wadanda duk na daya aka zabe su a shekarunsu.

Sai dai kar ka dauka zaben na daya shi ne tikitin aljanna. Edmonton Oilers sun zabi na daya a 2010 da 2011 da 2012, suka sake a 2015 inda suka samu Connor McDavid, amma shekara goma a jere daga 2007 zuwa 2016 basu leka zagayen kofi ba, don sun tara masu kai hari an manta da baya da gola. Buffalo Sabres tasu ta fi ban tausayi, kaka 14 a jere daga 2012 zuwa 2025 suna waje, ana ta canza koci da manaja kamar riga, kowa ya zo da sabon tsari a koma farko. Abin haushin ma mutanen da suka bari suka tafi, O'Reilly ya je St. Louis ya ci kofi, Jack Eichel ya je Vegas ya ci a 2023, Sam Reinhart ya je Florida ya ci a 2024 da 2025. Kaga ba 'yan wasa suka rasa ba kenan.

Don haka in kana auna kungiyar yara, ka bude jerin sunayensu ka duba shekaru da gurbi. Manyan masu cin maki biyar na kungiyar, nawa ne basu kai 25 ba? Cikinsu akwai dan tsakiya na gaske da zai iya jan layin farko, wato jerin 'yan gaba mafi karfi na kungiyar? Akwai dan baya da zai iya minti 24 ko 25 a wasa ba tare da ya rikice ba? Wadannan biyun su ne ba a samu a kasuwa da sauki, 'yan gefe kam ana samu ko yaushe. Kuma tunda a hoki kowa dakika arba'in da wani abu yake yi ya fita wani ya shigo, layi hudu na gaba da tagwaye uku na baya suna juyawa, tauraronka na gaba komai iyawarsa kusan kashi daya cikin uku na wasan kawai yake fili, sauran lokacin layi na uku da na hudu ne zasu rike gida. Hannu daya baya daukar jinka, a wannan wasan kam ba karin magana bace kawai, lissafi ne.

Kashi na uku ba sai na ja ba. In manyan masu albashi duk sun haura 32, kowanne da sauran shekara hudu biyar a kwantiragi, kudin ya cike har wuya, kuma an riga an sayar da zabukan diraf na gaba, to ka nemi wani abin yi da dare.

Maganar korar koci, tana aiki amma a kungiya irin ta farko. Edmonton a Nuwamban 2023 sun fara da ci uku kacal cikin wasa 13, suka sallami Jay Woodcroft suka kawo Kris Knoblauch, suka ci wasa 16 a jere, suka je har wasa na bakwai a zagayen karshe na daukar kofi Florida ta doke su. Amma taurarinsu McDavid da Draisaitl suna nan tun farko, kocin bai zo da su a aljihu ba. Irin abin da muke yi ne anan, Kotoko ko Hearts ta fadi wasa uku a fara kiran rediyo a kori koci, wani lokacin a dace wani lokacin a kara dagula ruwa.

Sai ka sa ido a farkon Maris lokacin da ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa, don ranar manajan kungiyar yake fadin gaskiyar da baya fada a gaban 'yan jarida. In ya sayar da tsofaffin da kwantiraginsu ke karewa ya karbi zabukan diraf, ya hakura da bana kenan, kuma sau da yawa shi ne daidai ko da zai maka zafi. In ya bada zabukan ya sayo mutane, ya yarda da kungiyar, ko kuma kujerarsa yake karewa, sai ka bambance. Blue Jackets dinmu sun taba zuba komai a 2019, suka dauko Matt Duchene daga Ottawa alhali sun san Artemi Panarin da gola Sergei Bobrovsky zasu iya tafiya kyauta, suka shiga a kujerar karshe, suka share Tampa Bay da ta ci wasa 62 a kakar hudu ba ko daya, karo na farko da suka taba wuce zagaye tun kafa su a 2000. Boston ta fitar da su a zagaye na biyu, a watan Yuli duk ukun suka kama gabansu. Har yau ni da yayana bamu daidaita ba a kan ko cinikin ya biya, shi yace wanda baya garin a satin nan ba zai gane ba, nace to Yaya ai kai ka ci naman mu aka bari da kashi.

Ga mai bi daga nan gida, wasan da aka fara karfe bakwai na yamma a gabashin Amurka sha biyun dare ne a Ghana daga Nuwamba zuwa farkon Maris, sauran lokacin sha daya, na can yamma kuwa sai wajen biyu ko uku na dare. Kar ka kashe kanka, ga aiki da safe ga dumso, wato daukewar wutar lantarki, ga kudin data. Ka kalli takaitaccen wasan na 'yan mintuna bayan sallar asuba, ka bude lambobin wasan ka ga harbi nawa nawa da abin da gola ya tare, sannan duk bayan wasa goma ka sake lissafin makin nan da biro. Wasa goma goma, ba daya daya ba, in ba haka ba hawan jini zai kama ka a kan abin da ba naka ba.

Kakar 2024-25 da wannan ma'aunin na auna Blue Jackets kuma sun kusa kunyata ni. Shekarar da ta gabata maki 66 suka yi, sannan a watan Agustan 2024 babban dan wasansu Johnny Gaudreau da kaninsa suka rasu, mota ta buge su suna kan keke, kowa ya cire su daga lissafi har da ni. Sai ga Zach Werenski yana wasan da bai taba yi ba a baya, yara irin su Adam Fantilli da Kirill Marchenko suna zuba kwallo, suka ci wasa shida na karshe a jere suka kare da maki 89. Montreal, wadda ita ce ta karshe a duk gasar a 2022, ta kare da 91 ta dauke kujerar. Daren da Montreal ta doke Carolina ta rufe kofar ina zaune a tsakar gida da waya a hannu wajen karfe daya da rabi, sauro na cizo, sai ga kiran yayana, ko sallama bai gama ba ya fara lissafo min wasannin da aka ci su da kwallo daya tun watan Nuwamba.